Yadda nake lissafa abin da ya rage idan ƙwayar zarra ta ruɓe ta haifi wata

Ina koyar da fiziks a Garwa, kuma duk shekara wuri ɗaya ɗalibaina masu shirin bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ke tuntuɓe: su lissafa uwa, wato ƙwayar farko, daidai, su manta cewa 'yar da ta haifa ma tana ruɓewa. Abin yana damuna ƙwarai, shi ya sa na zaɓi misali daga ƙarshen zuriyar yuraniyom-238, irin wanda ke ƙasar Poli, a arewacin Kamaru.

Bismut-210 yakan zama poloniyom-210, shi kuma ya zama dalma-206, wadda ba ta ƙara canzawa. Rabin bismut kan ruɓe cikin kwana 5, na poloniyom sai kwana 138.

A ce ka fara da ƙwayoyin bismut 1000 zalla, kwana 10 suka wuce. Raba biyu sau biyu, saura 250.

Kada ka yi saurin cewa poloniyom 750 ne. Nemo λ na kowanne tukuna, wato lambar da ke nuna saurin ruɓewarsa: raba 0.693 da kwanakinsa. Bismut 0.1386, poloniyom 0.00502. Sai lissafin da masanin lissafi Harry Bateman ya fitar a 1910, inda N₂ yawan poloniyom ne, N₀ bismut ɗin farko, λ₁ na bismut, λ₂ na poloniyom, t kuma lokacin da ya wuce:

N₂ = N₀ × λ₁/(λ₁ − λ₂) × (e^(−λ₂t) − e^(−λ₁t))

Kashin farko ya ba da 1.0376, na cikin baka 0.951 − 0.25, wato 0.701. Ninka su da 1000, poloniyom kusan 727 ke nan.

Dalma ba ta buƙatar wahala: cire 250 da 727 daga 1000, saura 23. In amsarka ta poloniyom ta fito ƙasa da sifili, koma ka duba, ka juya λ biyun ne a wuri ɗaya. Kuma in λ na kwana ne, t ma ya zama kwana.