Hitar ɗaki a motar tafi-da-gidanka: shawara ga sababbin zuwa Ingila

'Yan'uwa da suka sauka a Ingila ba su samu ɗakin haya ba, ko aikin gona ya kai su Kent ko Lincolnshire, da yawa sukan tarar da kansu cikin karaban, wato ɗakin nan da ake ja da mota, ko kuma motar tafi-da-gidanka mai gado da kicin a ciki. Da rani babu laifi. Amma daga ƙarshen Oktoba, da zarar an mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai al'amari ya canza. A Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, dare kuwa yakan sauka zuwa digiri sifili ko ƙasa da haka. Hunturun Kano da muke kuka da shi da wuya ya sauka ƙasa da digiri goma. Ga shi bangon karaban siriri ne, zafi ba ya zama a ciki.

Na yi sanyi biyu a irin wannan ɗaki. A makon farko na shiga kanti na ɗauko hitar da ta fi kowacce ƙarfi, mai wat 2000, ina ganin na gama da sanyi. Da asuba na kunna ta, na ɗora butar lantarki don ruwan alwala, sai ji na yi ƙas, komai ya ɗauke. Na fita cikin duhu da fitilar waya, ciyawa ta daskare tana ƙara a ƙarƙashin takalmina, ina laluben sandar da aka jona mana wuta. Ba hitar ce ta lalace ba. Ni ne ban tambayi ƙarfin wutar da aka ba ni ba.

To daga nan za ku fara, tun kafin ku je kasuwa. Galibi karaban yana shan wuta ne daga wata sanda a waje, ta wata doguwar waya ruwan lemo mai shuɗin kai. Sandar tana da iyaka: wata ampiya 16, wata 10, a wasu wuraren ma 6 kawai. Wutar Ingila bolt 230 ce, sai ku ninka ampiyar sau 230 ku samu wat. Ampiya 16 ta ba ku wat 3680, ampiya 10 wat 2300, ampiya 6 kuwa wat 1380. Wannan shi ne duka abin da ɗakin zai ci a lokaci guda, har da firji, fitilu da cajin waya. Idan sandarku ta ampiya 10 ce kuka kunna hita mai wat 2000, wat 300 kaɗai ya rage muku. Butar lantarki irin ta gida kuwa takan ja wat 3000 ita kaɗai. Ku tambayi mai wurin kai tsaye, “Ampiya nawa ce sandarmu?” Idan ku biyu ko uku ne a ɗakin, ku zauna ku yi lissafin tare, kada kowa ya sayo tasa.

Saboda haka ku nemi hitar da ake iya rage mata ƙarfi, mai mataki biyu ko uku, wadda za ta sauko zuwa wat 1000 ko ƙasa. Ɗakin ƙarami ne, wannan ya isa ya ɗumama shi.

Akwai abin da nake so ku riƙe don kada rubutun jikin kwali ya ruɗe ku. Duk hitar lantarki, mai tsada da mai araha, wutar da ta sha ita take mayarwa zafi, babu ƙari. Wat 1000 a wannan, wat 1000 ne a waccan. Bambancin yana wajen yadda zafin ke fitowa. Mai fanka tana hura iska mai zafi, cikin minti biyar ɗaki ya yi ɗumi, amma tana da ƙara, tana busar da maƙogwaro, kuma da kun kashe ta sanyi ya dawo. Mai jan haske irin ta halojin abin da ke gabanta kawai take gasawa, gabanka ya yi zafi bayanka na rawar ɗari, kuma a wuri mai ƙunci ita na fi tsoro. Sai mai mai a ciki, wadda take da fuka-fukan ƙarfe da ƙananan tayoyi. Tana da nawa wajen ɗaukar zafi, sai ta yi kusan minti ashirin kafin ka ji ta, amma ba ta da ƙara, babu wani jan ƙarfe a fili, kuma ko an kashe ta takan jima da ɗumi. Ni ita nake ba kowa shawarar ya saya, ƙarama mai wat 800 zuwa 1000. Wanda ke da hali ya ƙara da 'yar mai fanka don fitowar asuba, amma kada a kunna su tare.

Kowacce kuka zaɓa, ku duba tana da makunnin daidaita zafi, wanda ke kashe ta idan ɗaki ya yi ɗumi ya sake kunna ta idan ya huce. Ta kasance tana mutuwa da kanta idan ta faɗi ko ta yi zafi fiye da kima, domin ƙasan karaban yana motsi idan mutum ya taka. Ku nemi tambarin UKCA ko CE, alamun da ke nuna kaya sun cika ƙa'idar aminci, da fulogi mai ƙafa uku mai fis a ciki. A kantuna irin su Argos, Screwfix ko B&Q za ku samu, kuma ku adana rasit. Tsohuwar da wani ya bari a ɗakin, wayarta ta tsage ko fulogin ya yi baƙi, ku bar ta inda kuka gan ta.

Su kuma ƙananan nan da ake jonawa a soket ɗin mota mai bolt 12, asarar kuɗi ce, ƙarfinsu bai wuce na share raɓar gilashi ba. Batirin ɗakin ma ba zai ɗauki hita ba: mai ampiya 100 a awa, wat 1200 ne na awa ɗaya a cikinsa, kuma ba a son a zuƙe shi duka.

Batun kuɗi kuma, a wurare da yawa akwai mita mai kati ko a cire daga albashi. Mu ɗauka yunit ɗaya kwabo 25 ne na Ingila. Hita mai wat 1000 ta yi awa takwas ta ci yunit takwas, fam biyu ke nan, a wata fam 60. Mai wat 2000 ninki biyu. Shi ya sa bargo mai kauri, safa, da robar ruwan zafi a ƙarƙashin bargo suke da daraja a nan.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A gida idan hunturu ya kankama, iyayenmu sukan zuba garwashi a kasko a shigar ɗaki. Don Allah, don Annabi, kada ku yi haka a karaban. Gawayi, risho, ko barin murhun gas a kunne don jin ɗumi, duk suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Alamarta ciwon kai, jiri da kasala, mutum ya ɗauka gajiyar aiki ce ya kwanta, ba ya tashi. Hitar lantarki ba ta fitar da ita, amma tunda galibin ɗakunan nan da gas ake girki, ku tabbata akwai na'urar gargaɗin wannan iska da ta hayaƙi, ku danna maɓallinsu ku ji sun yi ƙara. Idan ɗaya daga cikinsu ta yi kuka da kanta, ku fita waje tukuna, sannan ku kira lambar gaggawa, 999, in wani ya galabaita. Ƙananan ramukan shan iska da ke ƙasa da rufin ɗakin kada ku toshe su da tsumma, ko da kuna jin sanyi na shigowa ta nan.

Ku ajiye hita a ƙasa, wuri mai lebur, kamar mita ɗaya daga labule da katifa. Kada a shanya mata tawul, safa ko hijabi, kuma mai doguwar riga ya lura da gefenta idan zai wuce. A jona ta kai tsaye a soket na bango, ban da ekstenshan. Doguwar wayar waje ma a warware ta gaba ɗaya, don idan tana nannaɗe tana ɗaukar zafi.

Sai laima. Numfashinku da tururin girki suna haɗuwa da bango mai sanyi su zama ruwa. Da safe za ku ga taga tana zubar da raɓa har kan katako. Wata rana na ɗaga katifata na tarar ƙasanta ya jiƙe, baƙar funfuna ta fara bin kusurwa, dardumata da ke jingine a bango ita ma ta yi wari. Tun daga ranar, kowace safiya nakan goge tagogi da tsumma, in buɗe ɗaya na minti goma, in jingine katifar a tsaye ta sha iska kafin in fita aiki.