Ba tikiti ka saya ba: yadda ake zuwa taron masoya ƙagaggun labaran kimiyya, da yadda ake shirya shi

Ranar da na fara zuwa irin wannan taro, na isa teburin rajista na ce wa matar da ke zaune na zo karɓar tikitina. Ta laluba akwatin da ke gabanta, ta ciro bajo mai ɗauke da sunana, ta miƙo mini, ta ce, "A nan ba mu da tikiti, membobi gare mu. Gobe da safe kana da awa biyu?" Na ce ina da su. Washegari sai ga ni ina jera kujeru tare da wani dattijo mai furfura, wanda sai da rana ta take na gane ashe shi ne ma'ajin taron baki ɗaya. Shi ma da kuɗinsa ya shigo, kamar ni.

Wannan shi ne abu na farko da nake so duk mai niyyar zuwa ya riƙe. Akwai tarukan da kamfanoni ke shiryawa don riba, inda za ka biya ka kalli taurarin fim daga nesa. Ba su nake magana a kai ba. Taron 'yan sa-kai na waɗanda suka zo ne. Shugaban kwamiti ba shi da albashi, marubutan da ke hawa teburin tattaunawa galibi su ma sun biya kuɗin zama memba, baƙin girmamawa kaɗai ake ɗauke wa kuɗin hanya da masauki. Haka abin ya faro. Babban taron duniya, Worldcon, an fara shi a birnin New York a watan Yulin 1939 da mutum wajen 200, yawancinsu samarin da suka san juna ta wasiƙun da suke aika wa mujallu. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da shi daga 1942 zuwa 1945, ya dawo a 1946, kuma har yau ba wani kamfani da ya mallake shi.

Ban ba ka shawarar ka fara da shi ba, sai dai in ya sauka kusa da kai. Taron dubban mutane yana rikita baƙo. Nemi ƙarami, na mutum ɗari biyu ko uku, wanda za a yi a otal ɗaya cikin kwana biyu ko uku. A irinsa, fuskar da ka gani ranar Juma'a za ka sake cin karo da ita ranar Asabar, kuma daga nan ake fara gaisawa. Biya kuɗin zama memba da wuri, don kuɗin yana hawa ne mataki-mataki yayin da ranar ke matsowa. Ba wayo ake yi maka ba: kwamitin yana buƙatar kuɗin farko don ya biya kafin alƙalamin wurin taro. In tafiyar ta haɗa da biza, rubuta wa kwamiti watanni kafin lokaci ka nemi takardar gayyata. Ka tuna wanda zai amsa maka sai ya taso daga aikinsa na neman abinci zai buɗe saƙon, saboda haka ka ba shi lokaci.

Idan jadawali ya fito za ka ga abubuwa biyar ko goma suna gudana a sa'a ɗaya, ranka zai so duka. Ni dai ina zaɓen uku a rana, in sa musu alama, sauran lokacin in bar shi a sake. Abin da na fi tunawa daga taruka bai faru a ɗakin tattaunawa ba. A baranda ya faru, ko a ɗakin hutun membobi, ko a gaban teburin mai sayar da tsofaffin littattafai, inda wani ya ga abin da ke hannuna ya tsaya muka shafe awa guda muna gardama a kan ko jirgin sararin samaniya da zai yi shekara ɗari biyu a hanya zai iya riƙe jama'arsa ba su wargaje ba. Amma akwai zama ɗaya da nake roƙonka kada ka bari ya wuce ka: wanda marubuci ke zama da mutum takwas ko goma a teburi ɗaya, a yi hira ido da ido. Sai an rubuta suna tun da wuri, kuma takardar tana cika nan da nan.

Tsofaffin hannu suna da wata ƙa'ida da suke kira biyar, biyu, ɗaya: barcin awa biyar aƙalla, cin abinci sau biyu, wanka sau ɗaya, kowace rana. Wasu suna cewa shida maimakon biyar. Na ga mutanen da suka raina ta, ranar ƙarshe suna kwance a ɗaki da ciwon kai, abin da suka zo dominsa yana gudana a ƙasa. Kuma kafin ka ɗauki hoton wanda ya yi shigar wani jarumin labari, nemi izininsa. Wata da watanni ya yi yana ɗinkin kayan nan, zai so a yaba, amma ba ya so a taɓa shi ko a tare masa hanya.

Sai batun awa biyun nan. Je teburin 'yan sa-kai ka ce kai sabo ne. Za su sa ka aike, ko tsaron ƙofa kana duba bajo, ko ɗaga wa masu magana kwalin da ke nuna saura minti biyar. Da ɗan gari akan ci gari, kuma babu hanyar zama ɗan gari da ta fi wannan sauri. Mai jin nauyin fara magana da baƙi ma ya fi kowa amfana, domin aikin ne zai buɗe masa baki.

Wanda ya kai Worldcon yana da ƙarin haƙƙi. Membobi ne ke gabatar da sunaye kuma su zaɓi waɗanda za su ci Hugo, lambar yabo ta fitattun ƙagaggun labaran kimiyya, wadda aka fara bayarwa a 1953 aka kuma raɗa mata sunan Hugo Gernsback, mutumin da ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926. Su ne kuma ke kaɗa ƙuri'ar garin da taron zai sauka bayan shekara biyu. Ta haka ya je Landan a 1957, karo na farko da ya fita daga Arewacin Amurka, ya je Yokohama ta Japan a 2007, Helsinki ta Finland a 2017, Chengdu ta China a 2023, Glasgow ta Scotland a 2024. Ko ba za ka samu zuwa ba, akwai nau'in rajistar zama memba da ke ba ka damar zaɓe daga gida. Tsarin mulkinsu ma ba ya sauyawa sai an amince da gyara a taro ɗaya, an sake tabbatar da shi a na gaba.

To, a ce yanzu zuciyarka ta raya maka ka shirya naka. Kada ka yi sai ka yi aiki a ƙarƙashin wasu sau biyu ko uku, a sassa daban-daban. Sannan ka fara da wuni ɗaya, ɗaki biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kana buƙatar ma'aji, mai kula da wurin taro, mai tsara jadawali, mai rajista, da mai kula da 'yan sa-kai. Ma'aji kada ya zama shi ne shugaba, kuma kuɗin taro kada ya kwana a asusun mutum ɗaya. A buɗe masa nasa, da sa hannun mutum biyu. Wannan kariya ce ga mai riƙon kuɗin kansa, don ranar da aka tambaya yana da abin nunawa.

Kasafi a gina shi a kan mafi ƙarancin mutanen da kake da tabbacin za su zo. In kana fatan 150, lissafa da 90. Abin da ya ƙaru sai ya tafi ga abubuwan da ka jera a gefe, waɗanda taro zai yiwu ko babu su.

Inda na fi so in daɗe shi ne yarjejeniyar otal, don nan ne kwamitoci suka fi jin jiki. Otal yakan ba da zauren taro da rahusa, wani lokaci kyauta, bisa sharaɗin membobinka za su kama wani adadi na ɗakunan kwana. In ba su cika kason da aka rubuta ba, kwamiti ne zai biya giɓin. Shekarar da na fara riƙe wannan sashe mun yi alƙawarin ɗaki 60, sharaɗin kuma shi ne a cika kashi 80 cikin 100. Mutanenmu sun zo, sun kuma kwana a otal ɗin, amma da yawa sun kama ɗaki ta shafukan intanet masu rahusa, otal ɗin ya ce waɗannan ba sa cikin lissafinmu. Daren Lahadi ni da ma'aji muka zauna da takardar rajista da ta masu kwana, muna bin suna ɗaya bayan ɗaya da biro, har muka samo mutum 14. Manajan ya karɓi wasu, ya ƙi wasu, rarar da muka yi niyyar miƙa wa kwamitin baɗi ta tafi a nan. Tun daga ranar ba na sa hannu sai an rubuta cewa duk memban da ya kwana a otal ɗin za a ƙirga shi, ko ta ina ya kama ɗakin. Ka kuma tambayi kuɗin makirufo da majigi da wutar da za a ja, da ko an yarda a shigo da abin ci daga waje, da ƙarfe nawa za a rufe zaure. Abin da aka faɗa maka da baki, a sa shi a takarda.

Kafin ka kama wuri, zagaya shi tare da mai amfani da keken guragu. Zai nuna maka matakala ukun da idonka ya tsallake, da ƙofar banɗakin da ba ta buɗuwa sosai. A zaure a bar masa gurbi a cikin jama'a, ba can baya ba. Masu magana kuma a tilasta musu amfani da makirufo, ko da sun ce muryarsu tana kaiwa, saboda akwai wanda kunnensa ba ya ji sosai kuma ba zai ɗaga hannu ya faɗa ba.

Jadawali yana son tazarar minti goma ko sha biyar tsakanin zama da zama. Kowane teburi ya samu mai jagora da zai iya katse mai dogon bayani cikin ladabi, kuma a riƙa haɗa sabbin muryoyi da tsofaffi. Ƙa'idojin zaman tare a rubuta su tun kafin a yi wa memba ko ɗaya rajista: abin da ba a yarda da shi ba, wanda za a kai wa ƙara, da matakin da zai biyo baya. Masu karɓar ƙara su zama aƙalla biyu, mace da namiji in da hali, kuma a yanke tun farko abin da za a yi in wanda ake ƙara abokin shugaba ne. Ranar da abin ya faru ba ranar shawara ba ce.

Daren ƙarshe, bayan an naɗe wayoyi an loda akwatuna, waɗanda suka rage sukan zauna su huce gajiya tare. Ina zuwa da littafin rubutu, in bi kowane shugaban sashe in tambaye shi abin da ya ƙare masa, abin da ya yi yawa, da abin da zai sauya. In aka bari sai bayan mako biyu, rabi ya bi iska. A cikin makon nan nake aika wa kowane ɗan sa-kai godiya da sunansa da aikin da ya yi, ma'aji ya fitar da lissafin shiga da fita kowa ya gani, littafin kuma in sa shi cikin akwatin igiyoyin bajo da suka rage, in kai wa wanda zai karɓi sashen baɗi.