Yadda Ake Lissafin Kwanan Wata a Manhajar R

A ce wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya miƙa maka littafin bashinsa, yana so ya san kwana nawa kowane abokin ciniki yake ɗauka kafin ya biya kuɗin atamfar da ya karɓa. Kafin ka taɓa kowane lissafi, sai ka fara sanar da R, wato manhajar lissafi da nazarin bayanai da ake ba umarni a rubuce, cewa abin da ke cikin jerin ranakun da ka kwafo daga littafin, kwanan wata ne, domin in ba haka ba, rubutu kawai za ta ɗauke shi, kuma ba a ɗebe rubutu daga rubutu.

Umarnin da ke yin wannan aiki shi ne as.Date(). A nan ne mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe, saboda mu a nan rana muke fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara, alhali R tana sa ran shekara ce a gaba. Idan ka rubuta as.Date("15/03/2024") haka kawai, ba za ta yi ƙorafi ba, sai ta mayar maka da 20 ga Maris na shekara ta 15, wato ta ɗauki ranar a matsayin shekara, ta gutsuri lambobi biyun farko na 2024 ta mai da su rana. Daidai shi ne as.Date("15/03/2024", format = "%d/%m/%Y"), inda %d ke nufin rana, %m wata, %Y shekara, kuma ka kula da babban baƙin Y, domin ƙaramin na shekara mai lambobi biyu ne. A ganina, duk wanda ya juya jeri bai duba layukan farko da idonsa ba, ya yi ganganci.

Da zarar an juya, lissafin ya yi sauƙi, domin R tana ajiye kowace rana ne a matsayin adadin kwanakin da suka shige tun 1 ga Janairun 1970. Wanda ya karɓi kaya ranar 15 ga Maris 2024 ya biya ranar 2 ga Mayu, ka ɗebe na farko daga na biyu, za ka sami kwana 48. Idan wa'adin kwana 30 aka ba shi, ka tara 30 a kan ranar karɓa, sai 14 ga Afrilu ta fito, weekdays() kuma ta nuna maka cewa Lahadi ce.

Wata kuwa ba shi da tsayi ɗaya. Idan ka nemi seq(), wato umarnin da ke jera ranaku bi da bi, ta ƙara wata guda a kan 31 ga Janairun 2024, za ta tsallake Fabrairu ta sauka a 2 ga Maris. Ƙunshin lubridate, wato tarin ƙarin umarni na kwanan wata da ake ɗora wa R, yana da alamar %m+% wadda take tsayawa a ranar ƙarshe ta watan, wato 29 ga Fabrairu, kuma ita ce ta dace da mai biya a ƙarshen kowane wata.

Idan littafin daga Excel ya fito, kana iya ganin lamba irin 45366 a gurbin kwanan wata, domin ita ma Excel adadin kwanaki take ajiyewa, sai dai mafarin ƙidayarta daban ne, shi ake sanar da R ta hanyar origin. Rubuta as.Date(45366, origin = "1899-12-30"), sai 15 ga Maris 2024 ta dawo.