Yadda ake sauya bakin salansar Peugeot 504 a ƙara wa injin ƙarfi

Har yanzu akwai masu riƙe da Peugeot 504, motar da muka fi sani da Fijo, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a kamfanin Peugeot Automobile Nigeria (PAN) na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Injinta mai silinda huɗu, mai girman 1971 cc, yana da juriya ƙwarai, amma manifol ɗinsa na ƙarfen zubi, wato bakin salansar da ke tattara hayaƙin silindojin, yana cunkushe hayaƙi tun daga baki. Abin da ake maye gurbinsa da shi bututai ne guda huɗu masu tsawo iri ɗaya, kowace silinda da nata, domin hayaƙin da ya fita ya riƙa janyo na bayansa.

Ga motar da ake hawa kullum, na fi ba da shawarar irin da bututan suke haɗuwa biyu-biyu kafin su zama ɗaya. Injin yana kunna silinda ne a jerin 1-3-4-2, saboda haka ana haɗa ta 1 da ta 4, ta 2 kuma da ta 3, wannan kuwa yana ƙara ja a matsakaicin gudu, inda direba ya fi bukata. Irin da huɗun suke haɗuwa wuri guda sai an taka mota sosai ake jin amfaninsa.

A bar injin ya huce sarai, a cire kan batir, a ɗaga motar a tokare ta da ƙafafun ƙarfe, kada a dogara da jak kaɗai. Aikin da ya fi bukatar haƙuri shi ne kwance notin manifol. Kan silindar wannan injin na alminiyam ne, sandunan da notin suke hawa kuwa sun sha zafi da tsatsa shekara da shekaru, idan ɗaya ta karye a ciki sai an yi huda, wani lokaci ma sai an sauke kan silindar gaba ɗaya. A fesa man sassauta tsatsa tun da daddare kafin ranar aikin, a riƙa juya sifana gaba kaɗan, baya kaɗan, har notin ya saki da kansa. Duk sandar da haƙoranta suka cinye a sauya ta.

Bayan an kankare fuskar da tsohon gasket, wato shimfiɗar da ke hana hayaƙi yoyo tsakanin manifol da kan silinda, ya manne, a ɗora sabon bakin a gwada kafin a ɗaure, a duba ko ya zauna daidai, domin walda takan lanƙwasa farantin da bututan suke manne da shi. A sa sabon gasket, a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan. Waɗannan bututai sun fi ƙarfen zubi fitar da zafi, don haka a nisanta wayoyi da tiyon fetur da na birki daga gare su, ko a sa musu kariya.

Saura kafireta, wadda mutane da yawa suke mantawa. Injin da hayaƙinsa ke fita da sauƙi yakan ja iska fiye da da, fetur kuma ya yi masa kaɗan, abin da ke jawo zafi har ya ƙona bawul. A yi tafiya mai ɗan nisa sannan a ciro fulogi: fari fat alama ce a ƙara girman jet, wato 'yar kafar da fetur ke bi a cikin kafireta, baƙi mai kunkunniya fetur ya yi yawa, ruwan ƙasa mai haske shi ake nema. A daidaita tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, sannan idan injin ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, a sake bin notin da sifana, domin sabon gasket yakan kwanta.