Neman masauki a tsibirin Saifurus: unguwa tukuna, sannan farashi

Shekara uku na yi ina karatu a Magusa, wani gari a ɓangaren arewa na tsibirin Saifurus, kuma tun daga nan na zama dillalin masauki na dole a danginmu. Duk wanda zai je Saifurus, ko bikin yaye ɗansa ko hutu da iyali, ni yake kira: "Samo mana otal mai sauƙi." Ni kuwa kafin mu zo batun kuɗi sai na tambaya: ta wace ƙofa za ku shiga?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Tun 1974 tsibirin nan na Bahar Rum a rabe yake gida biyu. Kudu, inda Girkawa suka fi yawa, ita ce Jamhuriyar Saifurus, tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, kuɗinta yuro, filayen jirginta na Larnaka da Pafos. Arewa ta Turkawa ce, Turkiyya kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, lira ake kashewa, kuma jirgin da zai sauka a filin jirginta na Ercan sai ya bi ta Turkiyya. Kowane ɓangare da nasa sharaɗin biza, kuma hukumomin kudu ba su ɗauki shigowa ta Ercan a matsayin halattacciya ba. Saboda haka kada mai koren fasfo ya sauka a Ercan ya ce ya kama ɗaki a Larnaka don a taswira ya ga kusa ne. Ɓangaren da bizarka ta ba ka, can za ka nemi wurin kwana.

Abu na biyu shi ne wata. Yuli da Agusta su ne ganiyar tsada, ga zafi, har a Nikosiya, babban birnin, yakan haura digiri 40. Mayu, farkon Yuni da Oktoba sun fi daɗin aljihu, kuma a Oktoba ruwan teku bai huce ba tukuna. Daga Nuwamba zuwa Maris farashi yana faɗuwa ƙasa warwas, sai dai garuruwan da baƙi kaɗai ke raya su suna kulle ƙofa, ka samu ɗaki a banza amma babu inda za ka sayi burodi.

In kudu za ka, kuma zuwan farko ne, ka fara duba Larnaka. Filin jirgi yana bakin gari, don haka kuɗin tasin farko ba zai tayar maka da hankali ba. Titin Finikoudes, mai jerin itatuwan dabino, shi ne gaban gari: teku a gefe guda, otal-otal a ɗaya gefen. Ɗakin da ke kallon ruwa kuɗin kallon ake caje ka. Koma layi biyu ko uku baya, wajen cocin Saint Lazarus da tsohuwar unguwar Turkawa ta Skala, za ka samu ƙananan gidajen haya masu kicin, kuma minti biyar a ƙafa ya kai ka bakin ruwa. A ƙarshen titin, dab da tsohuwar ganuwa, akwai babban masallacin gari, ba sai ka hau mota ranar Juma'a ba. Unguwar Mackenzie kuwa a kula: rairayinta da kyau, amma jirage ta kanta suke saukowa, mai saurin farkawa ba zai ji daɗi ba.

Abin da ya sa nake son Larnaka ma bai shafi farashi ba. A bakin tafkin gishiri, kusa da filin jirgi, akwai Hala Sultan Tekke, masallacin da aka gina a wurin kabarin Ummu Haram bint Milhan, matar Ubada ɗan Samit, wadda ta zo tsibirin da rundunar ruwa a zamanin Sayyidina Usman, ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu. Da bazara tafkin yakan bushe ya zama fari fat, da hunturu kuma ya cika da ruwa, manyan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da launin hoda su sauka a kai. Mun je da uwargida bayan la'asar, kyanwoyi sun cika harabar, ba ka jin komai sai iska cikin dabino da ƙarar jirgi jefi-jefi. Ta daɗe a zaune ba ta ce uffan ba.

Ayia Napa ce ta koya mini darasi. Na ga wani ɗaki mai araha a tsakiyar gari, hoto tas-tas, na biya. Ashe bayan tagar gidajen rawa ne jere. Kiɗa bai tsaya ba sai da muka tashi sallar asuba, lokacin ne masu shi ke tangaɗi suna komawa gida. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ne hutun?" Kwana biyu muka yi muka tattara, kuɗin sauran kwanakin kuma ya bi ruwa. Rairayin yankin, irin su Nissi, babu kamarsu a tsibirin, wannan gaskiya ne. Amma mai iyali ya matsa gaba kaɗan zuwa Protaras, wajen Fig Tree Bay, inda ruwa ba zurfi kuma dare dare ne.

Limasol garin 'yan kasuwa ne da dogayen benaye, ita ta fi ko'ina tsada. In ba aiki ya kai ka ba, je ka wuni ka dawo. Pafos kashi biyu ce: Kato Pafos a ƙasa bakin ruwa, inda tashar jiragen ruwa da kufan Rumawa suke, da Ktima a kan tudu, inda mutanen gari ke zaune kuma haya ta fi sauƙi. Bas na haɗa su. Sai dai in ta Larnaka ka sauka, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota, a sa wannan a lissafi. Wanda zafi ya dama kuma ya hau duwatsun Troodos, ƙauyuka irin su Kakopetria da Platres, inda ake ba da hayar tsofaffin gidajen dutse. Can sai da motar haya, kuma ta hagu ake tuƙi kamar Birtaniya, ba kamar gida ba. Jirgin ƙasa babu shi a tsibirin gaba ɗaya.

A arewa yawancin baƙi Girne suke nufa, saboda tsohuwar tashar ruwa da ganuwarta. Abin da ba a faɗa wa mutanenmu shi ne da yawa daga manyan otal-otal ɗin can da gidan caca a cikinsu. Da kawuna ya zo bikin yaye mu, na guje masa wannan, na kama masa ɗaki a kan dutse sama da gari, mai araha, ana hango teku har iya ganinka. Ban lissafa cewa ƙananan bas ɗin da ake kira dolmuş babban titi kaɗai suke bi ba. Masallaci tasi, abinci tasi, katin waya tasi. Rana ta uku ya zaro ragowar lirarsa ya baje a kan gado ya ce, "Ɗan nan, ɗakin naka da sauƙi, hanyarsa ce ke cin mutum." Washegari na mayar da shi Magusa, cikin tsohon gari mai ganuwa, wani ƙaramin gidan baƙi da ke taku kaɗan daga masallacin Lala Mustafa Pasha, wanda asalinsa cocin zamanin da ne aka mayar masallaci bayan Usmaniyawa sun ci garin a 1571. Kuɗin ɗakin ya ɗan ɗara, amma bai ƙara hawa tasi ba sai ranar komawa. Masu zuwa da yara da yawa su duba benayen Iskele, arewa da Magusa, inda ake samun gida sukutum a bakin ruwa; nan ma mota ce sharaɗi.

Ga yadda nake lissafi yanzu. Ba na duba kuɗin dare ɗaya shi kaɗai. Ina haɗa shi da kuɗin zuwa da dawowa filin jirgi, da zirga-zirgar yau da kullum, da abinci. Batun abinci ya fi nauyi a kudu, inda naman alade ke cikin yawancin gashin da ake sayarwa. Otal mai ciyarwa sau uku asara ce ga wanda zai ƙare da burodi, zaitun da cukun halumi. Gara gida mai kicin kusa da babban kanti: a ɗauko yaji da daddawa daga gida, a sayi kifi da shinkafa a can, a nemi mahautan Larabawa don nama.

Kafin ka tura kuɗi, rubuta wa mai gidan ka tambaye shi abu uku. Na'urar sanyaya ɗaki tana cikin farashi ko daban ake biya, don wasu ƙananan masaukai kullum suke cajin ta. Hawa na nawa ne, kuma akwai lif, musamman in da tsoho a tafiyar. In ka fasa zuwa, nawa za su mayar maka, tunda biza ba ta da tabbas sai ta zo hannu. A kudu doka ta ce gidan hayar baƙi ya zama yana da lambar rajista daga hukumar yawon buɗe ido, in ba ka gan ta a tallar ba ka nema. Sannan buɗe taswira a wayarka, sa adireshin, ka auna minti nawa ne a ƙafa zuwa tashar bas, kanti da masallaci. "Kusa da teku" a bakin mai talla yana iya zama rabin awa cikin rana tsaka.

Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajarka za ta shiga ba tare da ƙarin kaya ba. Ruwan zafi kuma daga tankin rana na kan rufi yake zuwa, don haka in da hunturu ka je, ka tambayi inda makunnin hita yake, ka danna shi rabin awa kafin wankan asuba.