Yadda na gano wayata a gonar alkama

Jiya da sanyin asuba na fita ban ruwa a fadamarmu ta Auyo, hazo ko gabanka ba ka gani. Da hantsi na laluba aljihu, wayam. Na kira da wayar ƙanena, tana shiga, amma na kashe mata ƙara tun daren shekaranjiya. Muka bi kwami-kwami, har na fara zargin ɗan acaɓan da ya kawo ni, Allah ya yafe min.

Ƙanen nawa ne ya buɗe Chrome, ya rubuta android.com/find, shafin Google na neman wayar Android da ta ɓata, na sa Gmail ɗina da lambar sirri, ya danna "Play sound". Ko an kashe ƙara sai ta yi minti 5 tana kuka, muddin data na kunne. Tawa kuwa a kunne take. Can muka jiyo ta ƙarƙashin buhun taki, gefen injin ban ruwa, duk ta yi ƙura. Alhamdulillahi, na saya masa shayi da burodi.