Ga wanda ya sauka Accra: Zango gidanka ne, amma gari na mutanen Ga ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kusan duk wata sai wani ya bugo min waya daga Kano ko Maraɗi yace ga ƙanena nan tafe Accra don Allah ka riƙe min shi amana, to abin da nake zaunar dasu a kan benci bayan isha'i in faɗa musu shine nace bari in rubuta kowa ya samu.

Kana sauka unguwar Nima ko Mamobi hankalinka zai kwanta, Hausa ko'ina, kiran sallah ko'ina, da asuba ga mai koko da ƙosai a bakin titi, da hantsi ga waakye a cikin ganye wanda asalinsa wake da shinkafarmu ne, ranar Laraba kuwa kasuwar Nima ta cika maƙil da hatsi da albasa da kayan yaji kamar kana gida. Mutanenmu sun daɗe a nan, Sabon Zango ma da Malam Bako ya kafa ya haura shekara 100, tsofaffi har yanzu Ankara suke ce wa garin. Amma ka sani ba duk mai jin Hausa ne Bahaushe ba, akwai Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Wangara, kuma Hausar Zango daban take, zakaji ance "Hajiya ya zo", don Allah kar ka yi dariya kar ka ce zaka gyara wa mutum magana, a bakin uwarsa ya sha ta kamar yadda ka sha taka.

Maganar ɗaki itace ke karya sabon zuwa. Masu gida kuɗin shekara ɗaya ko biyu suke so a dunƙule duk da doka wata 6 ta ce, ga ejan shima da nasa kason. Kafin ka ba da ko sidi ɗaya (kuɗin Ghana kenan) ka tambayi ruwa, ka tambayi bayi ko na gida ne ko na biya, ka tambayi mitar wuta mutum nawa ne a kanta, sannan ka duƙa ka kalli gindin bango. In kaga layin laka ya zagaye ɗakin to nan ruwa yake kaiwa. Ni ɗakina na farko kusa da babbar kwata yake, a watan Janairu na kama shi ƙasa a bushe ƙamas, mai gida bai ce min komai ba, ruwan Yuni na farko da tsakar dare na farka katifa ta jiƙe sharkaf takalmana suna yawo a tsakar ɗaki, kuɗin shekara biyu kuma ya riga ya shiga aljihunsa. Ambaliyar garin nan ba wasa bace wallahi, ranar 3 ga Yuni 2015 ruwa da gobarar gidan mai a Circle, babbar mahaɗar titunan garin, sun ci mutum sama da 150, yawancinsu fakewa kawai suka yi, Allah ya jiƙan musulmin ciki. In hadari ya haɗo ka nemi tudu ka zauna.

Zirga-zirga dai trotro ce, wato ƙananan bas na haya, yaron mota mate ake ce masa, in kaga yana juya yatsa kamar yana zana da'ira to Circle za shi. Ka riƙe canji, ka buɗe momo, wato asusun kuɗi na waya, a layinka don har mai kayan miya da ita ake biya, ka saita agogo don Ghana tana bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Takardu kuma kar kayi sake, shigowar ECOWAS kwana 90 ce, in zama zakayi ka nemi katin baƙi da izinin zama. Hannun hagu a nan babban laifi ne fiye ma da gida, ko nuni kar kayi dashi, in ka shiga taro gaisuwa daga dama ake farawa.

To ga abin da yafi damuna. Sai kaga yaro ya shekara uku tsakanin Nima da Tudu da Madina bai taɓa zuwa Jamestown, tsohuwar unguwar masunta ta bakin teku, ba, bai san sunan masu ƙasar da yake ci yake sha a kanta ba. Ƙasar nan ta ƙabilar Ga ce, masunta ne tun kaka da kakanni, kuma suna da al'adun da basa wasa dasu. Ranar Talata ba a shiga teku kamun kifi. Wajen watan Mayu zuwa Yuni sarakunansu na hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikin Homowo, coci da masallaci kowa ana so ya rage lasifika, in bikin aure ya faɗo lokacin sai a yi shi ba kiɗa, kuma manyanmu na Zango sun daɗe suna mutunta wannan, kai da ka zo jiya ba kai zaka ɓata ba. A watan Agusta ake Homowo ɗin, ma'anarsa yi wa yunwa ature, tunawa da wata yunwa da kakanninsu suka sha, zakaga ana yayyafa wani abinci na masara da manja da suke kira kpokpoi a ƙofar gidaje. Ba addininka bane, ba kuma wanda zai ce ka shiga, ka ba da hanya ka wuce da mutunci.

Ka samu safiya ɗaya kaje wajen doguwar hasumiyar nan mai ja da fari ta Jamestown, ka tsaya kaga jiragen katako masu fenti kala-kala suna dawowa, maza suna jan koma suna waƙa, mata da manyan kwanonin silba a ka suna ciniki da ƙarfi kamar faɗa alhali ba faɗa bane, gaba kaɗan a Chorkor hayaƙin bandar kifi ya turnuƙe unguwa. Ka sayi kenkey, wato dokunun masara, da soyayyen kifi da shito, yajinsu, ka ci da hannu, tsaminsa zai baka mamaki ranar farko, zuwa sati biyu da kanka zaka nema. A gidan abincin da ba na musulmi ba dai ka tambaya, in kaji ance domedo naman alade ne.

Teku kuma ɗan uwa ba kogin garinku bane, ko ka iya iyo a Wudil igiyar ruwan nan tana ja ta ƙasa, in kaje bakin tekun Labadi ka tsaya iya gwiwa. Iskarsa ma gishiri ce, kwado da fanka da babur duk tsatsa take ci, manyan kayanka na shadda in ka kulle su a akwati da damina fumfuna zasu yi, ka dinga shanya su.

Juma'ar farko ka tafi babban masallacin ƙasa na Kanda wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, daga Nima da ƙafa ma zaka isa, ka je da wuri, bayan an idar ka tambayi mutanen garinku a kai ka ka gaida sarkinsu ya san da zuwanka.